Nehemiya da Ragon Malam Talle

Shekara talatin da ɗaya na zauna da Nehemiya, ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a inda ya fara ba. Zai zauna a bakin ƙofa ya yi loma biyu, ya miƙe da kwanon a hannu ya je ya duba abin da ya sa kaza take kuka, ya ƙarasa cin a tsaye a gindin rijiya. Uwarsa ta ce tun yana goye haka yake. Na ce mata da ta gaya mini kafin aure, da na sake shawara.

A wani ƙauye na kudancin Zariya aka haife shi, can ya yi kiwon awakin ubansa har ya fara tsawo. Ya yi shekara uku a makarantar mishan, ya gudu. Ya yi haƙar kuza a Jos, ya yi leburanci a Kaduna, ya ɗan taɓa aikin kuku a gidan wani Bature, aka sallame shi saboda ya kwance agogon bango don ya ga abin da yake motsi a ciki. A shekarar 1948 muka sauka Kano, ya samu aikin loda shanu a tarago a tashar jirgin ƙasa, masu tafiya Ikko. Wannan aikin ne kaɗai ya iya riƙe shi, ina jin don shanu ba sa tsayawa wuri ɗaya, shi ma haka. Muka kama ɗaki a wani gidan haya a Sabon Gari, ni ina tuyar ƙosai a bakin titi, 'yarmu Edith tana makaranta.

Yana da wani hali da ya jawo mana fushin mutane ba sau ɗaya ba. In aka ba da labarin abin mamaki game da dabba, kowa yana jinjina kai, shi sai ya tambaya me dabbar take ci, wa yake ba ta, kuma da wane lokaci. Akwai wani akawu a layinmu mai kare, wai karen ya san ranar Lahadi, tun da safe yake riga kowa zuwa bakin coci ya kwanta. Har an fara cewa kare ya fi wasu mazan unguwa tsoron Allah. Nehemiya ya yi Lahadi uku yana zagaya bayan coci, ana wa'azi yana leƙe-leƙe, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya dawo ya ce matar mai share cocin ran Lahadi kaɗai take dafa nama, kuma a bayan katanga take zubar da ƙashi. Akawun ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarmu.

Ba raina dabba yake yi ba. Ya sha gaya mini cewa sa yana jin ruwan sama tun yana nesa, shi kuwa sai ya jiƙe. Cewa yake kowace dabba da irin saninta, amma mu ne muke ɗora mata namu. In na yi masa faɗa sai ya ce, “Maman Edith, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki fara neman dalili a kusa, in kin rasa sai ki tafi nesa.”

A shekarar 1955 labarin wani rago ya cika Fagge har ya tsallako Sabon Gari. Na wani dattijo ne, Malam Talle, mai sayar da dusa da harawa. Ƙaton rago ne fari mai baƙin kai, an sa masa suna Dogari, wai yana kama ɓarawo. In an yi sata a kanti ko a rumfa, sai a aika wa Malam Talle, a jera duk waɗanda ake zargi, a saki ragon. Zai bi layi yana sansana mutane ɗaya bayan ɗaya. In ya tsaya a kan mutum ya cusa hanci a rigarsa yana ture shi, to magana ta ƙare. Aka ce na farkon da ya kama wani ɗan dako ne, kuma da aka bincike shi an sami kayan a ƙarƙashin tabarmarsa. Daga nan kowa ya sallama. Malam Talle ko goro ba ya karɓa, cewa yake baiwa ce Allah ya ajiye a gidansa, ba ta sayarwa ba ce. Mata a wurin tuyata suna cewa ragon warin zunubi yake ji. Ni ma na faɗa da bakina, ba zan ɓoye ba.

Maƙwabcinmu na ɗaki na uku shi ne Boniface, tela, mutumin Anaca can kudu, wanda ya zo Kano tun kafin yaƙin duniya na biyu, Hausarsa ta fi tawa. A barandar wani kantin yadi a Kantin Kwari ya kafa kekensa, na ɗaya daga cikin Larabawan nan da ake kira Kwarori, ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin. Mutum ya sayi yadi a ciki, ya fito Boniface ya auna shi. Da wannan keken yake ciyar da matarsa Philomena da 'ya'ya uku. Mutum ne mai shiru-shiru, ba shi da wani abu da ya wuce shaƙar taba da atishawa.

Wata Litinin aka wayi gari turmin atamfa shida sun ɓace a kantin. Aka kira Malam Talle. Aka jera masu aikin kantin da mai gadi da 'yan dako, aka ce tela ma ya shiga, tun da kullum yana nan. Ragon ya wuce kowa ya tsaya a kan Boniface.

Mai kantin ya sa aka ɗauke keken aka kulle a ciki. Ya ba shi zuwa Asabar, ko ya dawo da atamfa ko ya miƙa shi ga 'yan doka, kuma ya ce ranar za a sake kawo ragon don hukuma ta gani da idonta. Shekara biyu ke nan da rikicin da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, mikin bai gama warkewa ba. A ce mutumin Sabon Gari ne aka kira ɓarawo a tsakiyar Fagge, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Boniface ya dawo gida da yagaggiyar riga, ya shige ɗaki, ya ja labule.

Abin da na yi kuwa, ina jin kunyarsa har yau. Na daina barin kaskona da manja a tsakar gida. Na ce wa Edith kada ta ƙara shiga ɗakinsu. Philomena, wadda muke daka a turmi ɗaya, ta lura. Ran Laraba na ga ta fara ɗaure tukwanenta a tsumma, na gane shirin komawa gida take yi in an ɗaure mijin.

Nehemiya kuwa zama ya gagare shi gaba ɗaya. Ran Talata ya tafi Fagge ya sayo dusa, mu da ko akuya ba mu da ita, don dai ya samu hanyar hira da Malam Talle. Ya dawo yana yabon tsohon, wai mutumin kirki ne, ba ɗan damfara ba. Ya ce uwar ragon ta mutu wurin haihuwa, Malam Talle ne ya raine shi da hannu kamar ɗa. Kuma kafin kowane aiki sai ya killace shi kwana biyu a turke, ba dusa, ba komai, sai busasshiyar harawa da ruwa zalla, wai don idonsa ya buɗe. Na ce to, sai me? Ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ya ajiye dusar a ƙofar ɗaki ya fita.

Laraba da Alhamis ya yi su yana farautar waɗanda ragon ya taɓa kamawa. Mutum bakwai ne kafin Boniface. Huɗu sun bar gari. Uku ya samu, ɗaya yana dako a kasuwar Sabon Gari, ɗaya ya koma ga-ruwa, na ukun ba ya aikin komai, tun da ba mai ɗaukar mai gadin da rago ya nuna. Ya dawo ƙafafunsa buɗu-buɗu, ya ce mini duka ukun masu cin taba ne, ya gani a haƙoransu. Na ce rabin 'yan dakon Kano ai taba suke ci. Ya ce abin da yake damunsa ke nan, kuma tun da yake kiwo bai taɓa ganin tunkiyar da ta bi taba ba. Ya zagaya rijiya, ya dawo, ya sake zagayawa. Helmansu, shugaban leburorin tasha, ya aiko cewa in bai zo aiki Juma'a ba kada ya ƙara zuwa. Na isar masa da saƙon sau uku, ko sau ɗaya bai ji ba. Haushi ya ishe ni, na ce masa in aka kore shi sai ya je ragon ya ciyar da mu.

Ran Juma'a ya je aikin, Allah ya taimake ni, amma da la'asar ya dawo ya ci gaba da sintiri a kaina ina miyar kuɓewa. Na ɗauko kanwa zan jefa a tukunya, sai na ji an riƙe mini hannu. Ya karɓi kanwar yana juya ta kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya tambaye ni da me ake niƙa taba. Na ce da kanwa mana, wannan ko yaro ya sani. Ya saki hannuna ya nufi ɗaki na uku, ya yi sallama, ya roƙi Boniface ya zazzage aljihunsa. Boniface bai tambayi dalili ba, ya riga ya gaji da komai. Batta ce ta fito, sai wani ɗan tsumma a ƙulle, a cikinsa dunƙulen kanwa wanda yake gutsura in zai haɗa tabarsa.

Kafin in juya Nehemiya ya kama hanyar Fagge, miyata kuwa ta tafi ba kanwa, don da ita ya fita. Tambaya ɗaya ya je yi. Ya ce Malam Talle ya yi dariya ya ce ai tun ragon yana ƙarami a aljihun riga yake ajiye masa kanwa, in ya zo ya cusa kai sai ya ba shi ya lasa. Nehemiya bai gaya masa abin da yake zato ba. Ya ce mini tsohon ba zai yarda da baki ba, kuma yana da gaskiya in ya ƙi, gani ya kori ji.

Na roƙe shi kada ya je bakin kantin ran Asabar. Na ce shi ba ɗan doka ba ne, ba alƙali ba, kuma a Fagge za a yi, ba a ƙofar gidanmu ba. Na ce in ragon ya sake tsayawa a kan Boniface fa? Ya ce to shi ke nan, ya yi kuskure, sai ya koma ya sake nema. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma na san in na zauna gida tsoron zai fi haka. Na ɗaura ɗankwali na bi su.

Asabar da hantsi bakin kantin ya cika maƙil, har da masu leƙe daga saman baranda. 'Yan doka biyu suna tsaye. Boniface ya sa wankakkiyar riga, aljihu wayam, yadda Nehemiya ya ce masa. Aka jera mutanen Litinin ɗin nan. Sai ga mijina ya fito ya gaida mai kantin, ya ce shi maƙwabcin tela ne, yana so a sa shi a layi. Wasu suka yi dariya. Mai kantin ya ɗaga kafaɗa. Nehemiya ya je can ƙarshe ya tsaya, in za a kira wannan tsayuwa, don yana ta sauya ƙafa.

Malam Talle ya shafa kan ragon ya sake shi. Ya sansana na farko, ya wuce, na biyu, ya wuce. Da ya zo kan Boniface ya ɗan dakata a daidai aljihu. Ya yi atishawa, ya wuce. Daga nan bai ƙara kula kowa ba, ya tafi kai tsaye ya cusa kai a rigar Nehemiya har ya kusa kayar da shi.

Abin da mai wayon nawa bai lissafa ba shi ne mutane sun fi hannunsa sauri. Kafin ya kai ga aljihu wani ya ce ashe abokin satar ne, wani ya kai masa naushi a baki. Ya faɗi, aka rufa masa. Ban san lokacin da na kutsa ba, na dai tsinci kaina a kansa, ba ɗankwali, ina ture mutane ina zaginsu da yarenmu. 'Yan doka suka shiga da kulki aka ja baya. Ya miƙe, jini ya ɓata masa gaban riga, haƙorin gaba ɗaya ya tafi. Da wannan giɓin ya ƙare rayuwarsa, kuma bai taɓa yarda a ce asara ba ce.

Ya fito da kanwar miyata ya ɗaga sama kowa ya gani. Bakinsa bai iya dogon bayani ba, sai ya taka zuwa ginshiƙin baranda ya ajiye ta a gindinsa. Ragon ya bar shi ya tafi ya rungumi ginshiƙi. Ya ɗauke ta ya miƙo mini, na ƙulle a haɓar zani, ragon ya biyo ni yana ja har zanin ya kusa kwancewa. Mutum biyu ko uku suka yi dariya.

Malam Talle ya matso ya miƙo hannu, na kwance na ba shi. Ya duba, ya kai hanci, ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya sa a aljihunsa, ya ce wa wani ya riƙe ragon, ya taka da sandarsa ya shiga tsakiyar layin ya tsaya tsakanin mai gadi da wani ɗan dako. Ya ce a sake shi. Ragon ko sansana kowa bai yi ba, kai tsaye ya nufi aljihun Malam Talle.

Tsohon ya bar shi ya lasa. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum takwas.” Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ya tambayi Nehemiya ina sauran suke. Nehemiya ya ce uku suna gari, zai kai shi wurinsu, huɗu kuwa sai Allah. Malam Talle ya juya ya durƙusa a gaban Boniface, duk da ya girmi telan da shekara ashirin, ya ce, “Tela, na cuce ka ban sani ba. Ka yafe mini don Allah.” Ya gaya wa mai kantin da 'yan doka cewa ya janye maganarsa, ragon nan kuma ba zai ƙara fita aiki ba. Babban ɗan dokan ya ce in ba wata shaida, su ba su ga abin kamawa ba. Mai kantin ya yi 'yan gunaguni, ya sa aka fito da keken aka mayar inda yake. Atamfar kuwa, iyakar sanina, ba a taɓa gano inda ta shiga ba.

Da azahar muna gida. Philomena ta kwance ɗaurin tukwanenta ta yi shinkafa da miyar kifi, ta kawo tsakar gida, ta zuba mini da hannunta, abin da ya fi mari zafi a wurina. Nehemiya bai iya ci ba. Yana kurkure baki da ruwan gishiri yana kai da kawowa tsakanin rijiya da ƙofa, yana ta lissafin inda mutum huɗun nan za su iya kasancewa, wai ɗaya an ce Nguru ya nufa.

Boniface ya ɗago kai ya ce, “Baban Edith, yaya aka yi ka san ban ɗauka ba?”

Nehemiya ya zubar da ruwan bakinsa ya ce, “Ban sani ba. Har yanzu ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne ragon ma bai sani ba.”

Na harare shi kamar in jefe shi da ludayi. Philomena ta tsayar da hannu a cikin kwano. Boniface ya ajiye cokalinsa a hankali, ya dubi ƙasa. Nehemiya ya zo gabansa, ya tsuguna, ya dafa masa gwiwa da hannun da har yanzu akwai busasshen jini a kai.

“To ni yanzu ina tambayarka, Tela. Ka ɗauka?”

“Ban ɗauka ba.”

“Na yarda.”

Boniface ya dube shi. Ya ce tun ran Litinin, daga mai kantin da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙofarsa har mutanen gidan nan da suke shan ruwan rijiya ɗaya, ba wanda ya tambaye shi. Ya ja gefen rigarsa ya rufe fuska. Ni kuwa na ture kwanon shinkafar gefe, na sunkuyar da kai.